Za'afaran: Furen Kaka Da Muke Sha Ba Mu Taɓa Ganinsa Ba

Ranar kasuwar Matamai, in ka bi layin masu sai da littattafai da alluna da tazbaha, da wuya ka rasa wani ɗan ƙulli ko ƙaramin gwangwani da ake ce wa za'afaran. Malamai ke saye su jiƙa, wani lokaci da ruwan wardi, su yi rubutun sha a farin tangaran, don ba kowane rubutu ake so da tawadar zuge ba. Na taɓa tsugunnawa gaban wani dattijo mai wannan sana'a na ce, "Baba, daga wane icce ake samun wannan?" Ya dube ni ya ce, "Ɗana, daga Makka yake zuwa." Bai yi ƙarya ba, alhazai na kawo shi tsaraba. Sai dai Makka kasuwarsa ce, gonarsa tana can wata ƙasa.

Kuma ba icce ba ne. Ɗan tsiro ne da tsawonsa bai wuce taƙi ba, yana da kai a ƙarƙashin ƙasa kamar na tafarnuwa, amma curi guda ne, ba ya rabuwa sala-sala. Masana tsirrai na kiransa Crocus sativus. Danginsa suna da yawa, sun bazu daga Sifen da Maroko, ta Girka da Turkiyya, har yammacin Sin. Akasarinsu suna fure ne idan sanyin Turai ya fara ja da baya, amma akwai wani rukuni mai taurin kai da ke jira sai kaka, wajen Oktoba da Nuwamba, daidai lokacin da mu nan muke ɗaurin gero da roron wake. Za'afaran na cikin wannan rukuni. Furensa shunayya ne mai kunnuwa 6, a tsakiyarsa akwai jajayen zare 3 masu leƙowa waje. Waɗannan zaren uku su ne dukiyar baki ɗaya, sauran furen zubarwa ake yi.

Sai an tsinki fure wajen 150,000 kafin a haɗa kilo ɗaya na busasshen zare, kuma da hannu, da sanyin asuba kafin rana ta buɗe furen. Iran ce ke noma kusan kashi 90 cikin 100 na abin da duniya ke amfani da shi, musamman a lardin Khurasan. Akwai na Pampore a Kashmir, da na La Manca a Sifen, a nahiyarmu kuma akwai na Taliwin a tsaunukan kudancin Maroko. A kantunan Turai giram ɗaya kan wuce jika biyar na sefa. To mai karatu ya yi lissafi da kansa: ƙullin da aka miƙo masa a kan 'yan daloli, me ke ciki?

Wani abin mamaki, wannan tsiro bakarare ne, ba ya yin iri ko kaɗan. Ƙwayoyin gadonsa sun zo ninki uku maimakon biyu, don haka furen ba ya ɗaukar ciki. Duk za'afaran da ke duniya daga rabon kai ya yaɗu, uwa ta haifi 'ya'ya a ƙasa, manomi ya tono ya raba ya sake binnewa, kamar yadda masu lambu a kwarin Korama ke dasa rake daga gaɓa. Binciken da aka wallafa a 2019 ya nuna asalinsa wani ɗan daji ne na ƙasar Girka, Crocus cartwrightianus. A tsibirin Santorini an tono zanen bango da ya haura shekara 3,500, yana nuna mata suna tsinkar furen. Mu kuwa ta littafi muka san shi tun kafin mu gan shi a kasuwa: duk almajirin da ya kai babin hajji ya ji cewa mai harami ba ya sa tufar da za'afaran ya taɓa.

Masu sha'awar furanni a Ingila sun daɗe suna wahalar da kansu wajen rarrabe 'yan wannan dangi. George Maw ya fitar da babban kundi a kansu a 1886, Brian Mathew ya sake tsara su a 1982. Abin da ya burge ni a aikinsu shi ne ba su amince da launin fure kaɗai ba, sai sun tono kan sun duba rigarsa: wata saƙar raga ce, wata zare ne a jere, wata kuma santsi gare ta tana ɓarewa zobe-zobe daga gindi. Sannan su duba ko ganye ya fito tare da fure ko sai daga baya. Crocus speciosus da Crocus nudiflorus tsirara suke fitowa ba ganye, zarensu kuma ya yi rassa da yawa. Crocus kotschyanus na da ɗigo-ɗigon rawaya a maƙogwaro. Za'afaran na gaskiya yakan fito da siraran ganyensa kusa da lokacin fure, kowane ganye da farin layi a tsakiya. Idan an shuka ire-iren nan kusa da juna ƙudan zuma na haɗa su aure, sai a sami barbarar yanyawa da ke rikita ko gwanaye.

Inda kuskure ke kisa shi ne wajen wani mai kama da shi, Colchicum autumnale, wanda shi ma a kaka yake fure, launinsu kusan ɗaya, har Turawa na laƙaba masa sunan za'afaran na makiyaya. Ba danginsu ɗaya ba, kuma dafi ne tun daga kai har fure. Ƙidaya ce ke raba gardama: tsinkayen da ke ɗauke da garin fure 3 ne a za'afaran, 6 ne a wancan. Kada wani ya ce wannan matsalar Turawa ce. Dafin da ke cikinsa, kolcisin, shi ne dai ke cikin baurere, wanda wasu ke kira gatarin kurege, mai jan fure kamar harshen wuta da ke hawa shinge da damina. A Indiya da Siri Lanka mutane sun sha mutuwa saboda sun ɗauki saiwarsa doya ce. Likitoci na ba da kolcisin a ma'auni ƙanƙani don wani nau'in ciwon gaɓɓai, amma tazarar da ke tsakanin magani da ajali a nan ba ta kai faɗin farce ba. Shi kuwa ɗan'uwan za'afaran na jini a ƙasar Hausa shi ne rumana, Gladiolus a bakin masana. In ka tono kanta za ka ga irin rigar zaren nan.

Tambayar da matasa ke yi mini tun da hotunan za'afaran, wai "jan zinariya", suka fara yawo a Facebook ita ce ko zai yi a lambunan Matamai da Kance. Ra'ayina, ba zai yi ba, kuma ba don ƙasarmu ta gaza ba. Rairayi mai tsane ruwa ma shi yake so. Matsalar kalanda ce. Kan za'afaran na bukatar ya kwanta a busasshiyar ƙasa duk tsawon watannin zafi, sannan sanyi ya sauko wajen digiri 17 ya tashe shi ya yi fure, sannan ya sami watanni na sanyi da ɗan laima ganyen ya ciyar da sababbin 'ya'ya. Mu kuwa ruwanmu na zuwa daga Yuni zuwa Satumba, daidai lokacin barcinsa, sai ya ruɓe. Oktobanmu zafi ne. Ɗarinmu gajere ne, kafin 'ya'yan su ƙosa bazara ta kawo digiri 40. Wanda ya sayo manyan kawuna daga Maroko zai iya ganin fure a shekarar farko, domin da guzurinsu suka zo, ya ɗauki hoto ya yi murna. A shekara ta biyu ne zai san gaskiya. In ma za a gwada a Nijar, tsaunin Bagzan a ƙasar Abzin ya fi dacewa da gwajin, kuma aikin cibiyar binciken noma ta INRAN ne, ba na mai lambun da zai sai da akuyarsa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne muna da namu mun raina. Rawaya, Cochlospermum tinctorium, tana yin abin da 'yan dangin za'afaran ke yi: da rani, bayan wuta ta ci daji, sai ka ga manyan furanni sun ɓullo daga baƙar ƙasa ba ganye ko ɗaya. Saiwarta ce ta ba mu rini da launin miya, har ta ba harshenmu sunan launi sukutum. Tonon ta ake yi daga daji ana dakawa, ban taɓa ganin wanda ya keɓe mata kunya ɗaya a gona ba, alhali ta san zafinmu ta san daminarmu.

Ga malamai da masu girki da ba su da makawa sai za'afaran, ku sayi zare, kada ku sayi gari. Zaren gaskiya bakinsa ɗaya a buɗe yake kamar kakaki, yana da ƙamshi da ɗan ɗaci. Ku jefa biyu ko uku cikin ruwan sanyi: na ƙwarai a hankali yake sakin launin rawaya, shi kuma ya zauna da jansa. In ruwan ya rine ja nan take zaren ya koɗe, gemun masara ne aka tsoma a rini, kuma bai kamata a wanke shi a ba mara lafiya ya sha ba.