Ɗan Aiken Rumbu da Baƙon Zaure

A gidan manomi, maigida ba ya leƙa rumbu kullum. Akwai yaron da ake sa wa ya hau ya duba, ya sauko ya ce, "Baba, hatsi na nan da yawa," ko kuwa, "Baba, an kusa kai ƙasa." Da wannan magana ake sanin mudu nawa za a auna, ake kuma sanin ko za a yi hidimar aure bana ko a bari sai kaka.

Jikin mutum ma yana da irin wannan ɗan aike. Kitse ne rumbun, ƙwaƙwalwa ce maigida, yaron kuwa wani sinadari ne mai suna leptin da ƙwayoyin kitse ke sakewa cikin jini. Jeffrey Friedman da abokan aikinsa na Jami'ar Rockefeller a Amurka ne suka gano shi a 1994, bayan an daɗe ana mamakin wasu ɓeraye da aka samu a ɗakin bincike na Jackson tun 1949, masu ci ba ƙoshi har su ninka 'yan uwansu uku a nauyi. Ashe jikinsu ne ba ya yin leptin. Rumbu ya cika maƙil, amma ba mai faɗa wa maigida.

Mutum mai ƙiba kuwa, galibi ba rashin ɗan aike ke damunsa ba, yawansa ne, domin gwargwadon kitse, gwargwadon leptin. Yaro ya yi ta nanata magana ɗaya dare da rana, har ta riƙa bi ta bayan kunnen maigida. Shi ya sa yunwa ba ta lafawa.

Sai dai ba maigida kaɗai ke da kunne a gidan ba. A ce akwai baƙon da ya tare a zaure, ba ya noma, ba shi da niyyar tafiya. Shi kam duk sanda yaro ya ce hatsi na nan da yawa, yana ji sarai. Haka ƙwayoyin cutar daji suke. An samu maƙalin da leptin ke kamawa a jikin ƙwayoyin sankarar mama da ta hanji, kuma a sankarar mama ya fi yawa fiye da a lafiyayyen nama. Da zarar ya kama, sai ya tada wasu sinadarai a cikin ƙwayar, irin su JAK2 da STAT3, waɗanda ke ingiza ta ta yi ta rabuwa, ta kuma ƙi mutuwa idan wa'adinta ya cika. Baƙo ya ji akwai wadata, ya aika an kawo masa iyali.

Bai tsaya nan ba, sai ya fasa katanga ya yi wa kansa hanya zuwa rumbu. Ƙari ba ya iya wuce milimita 1 zuwa 2 sai ya samu jijiyoyin jini nasa na kansa, leptin kuwa yana ƙara sinadarin VEGF da ke tsiro da su. Ga mata akwai ƙarin damuwa. Bayan ɗaukewar al'ada, kitse ne ke zama babban tushen sinadarin istirojin, leptin kuma yana ƙarfafa aromatas, wanda ke haɗa shi, alhali yawancin sankarar mama da istirojin take girma.

Kada a ɗora wa yaron laifin da ba nasa ba. Ba shi ya kawo baƙon ba. Lalacewar gadon halittar ƙwaya ce ke fara cutar, kuma siriri ma yana kamuwa. Yawan insulin da kumburin da ke cikin kitse su ma suna da hannu. Amma a 2003 Margot Cleary da tawagarta a Amurka sun nuna cewa ɓeraye masu gadon ƙarin mama, idan ba su da leptin, ba sa yin ƙarin duk da tsabar ƙibarsu, ko da yake maman nasu ma bai ginu yadda ya kamata ba. A 2016 kuma cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Faransa ta tabbatar da alaƙar ƙiba da nau'o'in cutar guda 13.

Wannan ne ke sa hankalina tashi idan na ji ana yaba mace da cewa ta murje, ta samu hutu, ko na ji budurwa na neman sha-ka-fashe don ta ciko kafin biki. Magungunan toshe kunnen baƙon ana gwada su a ɓeraye da kwanon bincike, ba su kai ga asibiti ba tukuna. Abin da ke hannu shi ne, idan kitse ya ragu leptin yana sauka, wani sinadarin kitse mai suna adiponektin, wanda ke taka wa girman ƙwayoyin daji birki a gwaje-gwaje, yana hawa.