Daga Ruɓar Saiwa Zuwa Yunwa

Duk mai cefane a kasuwar Sabon Tasha ko ta Kakuri ya ga yadda citta ta yi tashin gwauron zabi bayan daminar 2023. A daminar ce wata cuta ta afka wa gonakin Kachia da Jaba da Kagarko. Ganye ya yi rawaya ya kwanta, in an tona sai a tarar saiwar ta ruɓe.

Sai an duba yadda ake noman citta kafin a gane girman ɓarnar. Ba ƙwaya ake shukawa ba, saiwar bara ake gutsuttsurawa a binne. Ke nan gonakin gari guda kusan jini ɗaya ne, abin da ya kayar da wannan zai kayar da waccan, ga laimar damina tana yi wa cutar jagora. Mataki na gaba ya fi ciwo: amfanin bana ya tafi da irin baɗi.

Hanyar nan ita dankalin Turawa ya bi a ƙasar Ailan daga 1845. Talakawan karkara a can sun dogara ga dankali safe da yamma, galibi iri guda mai suna Lumper, shi ma saiwarsa ake binnewa. Wata cutar ruɓa ta afka masa ta yi ta dawowa, kusan mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka yi ƙaura, akasari zuwa Amurka, alhali jiragen ruwa na fita da hatsi da dabbobi zuwa Ingila. A ganina wannan ne ya mai da annobar gona ta zama yunwa.

A 1945 hukumar tattara al'adun gargajiya ta ƙasar ta bi jikokin waɗanda suka ga yunwar tana tambaya. Ba lissafi suka riƙe ba. Sun riƙe warin ruɓa da ke tashi daga kunya, da baƙin tabo a ganye, da gawarwakin da aka tarar bakinsu kore saboda cin ciyawa.

Citta dai ba tuwo ba ce, don haka tata yunwar ta aljihu take shigowa: kuɗin makaranta, bashin taki, buhun masarar da aka saba saya da kaka. Manoman Kano da Katsina sun ɗanɗana irin wannan a 1975, lokacin da cutar kuturtar gyaɗa ta cinye gonakinsu, kuma da yawa ba su sake komawa noman gyaɗa ba.