Masu Ƙuli na Ƙofar Dawanau

A lungunan da ke kewayen Ƙofar Dawanau, hanci ne yake nuna maka gidan da ake sana'ar ƙuli tun kafin ka ga yarinya ta fito da bokitin markaɗe a ka. Sana'ar mata ce, mafi yawansu matan aure da ke cikin gida, kuma kusan kowacce a hannun uwa ko kaka ta koya. Gyaɗar kuwa ba ta da nisa, domin hanyar Katsina za ta kai ka kasuwar Dawanau, inda ake sauke ta buhu-buhu daga ƙauyukan Kano da Jigawa da Katsina. Mai ƙarfi ta aika a sayo mata buhu, marar ƙarfi ta auni kwano biyar ko goma a wurin 'yan sari.

Aikin yana farawa da tsinta. Ana baza ɓararriyar gyaɗa a faifai a fitar da tsakuwa da wadda ta yi fumfuna ko ta ruɓe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don fumfunar gyaɗa tana ɗauke da gubar da likitoci ke kira afulatoksin, mai lahanta hanta, kuma wuta ba ta kashe ta. Mai ƙulin da ta san kanta ba ta ganin asarar zubar da irin wannan. Daga nan sai suya a babban kasko, ana juyawa ba tsayawa. Idan suyar ba ta kai ba, mai zai yi ƙwauro. Idan ta zarce, ƙulin ya yi baƙi ya yi ɗaci. Sai a bari ta huce, a murje jan ɓawon, a bakace, a kai inji.

Abin da yake dawowa daga inji, markaɗe mai kauri mai sheƙi, shi ne dai abin da Amurkawa suke ɗurawa a kwalba suna shafa wa burodi. A can abinci ne na kowane gida. Yaro zai tafi makaranta da yanka biyu na burodi, ɗaya an shafa masa gyaɗa, ɗaya an shafa masa zaƙin 'ya'yan itace, an haɗe su. Kusan rabin gyaɗar da suke ci a ƙasar ta wannan hanya take shiga ciki, kuma dokarsu ta ce sai gyaɗa ta kai kashi 90 cikin 100 na abin da ke kwalbar kafin a sayar da shi da sunan markaɗen gyaɗa. Likita John Harvey Kellogg ya nemi rajistar tasa hanyar sarrafawa a 1895, aka tallata abin a babban bajekolin Sen Luwis na 1904. Amma matsalar da ta dame su ita ce mai yana tasowa sama ya rabu da sauran, har ya yi ɗoyi a kanti. Sai a shekarun 1920 wani mai suna Joseph Rosefield ya samo dabarar daskarar da man yadda ba zai rabu ba, daga baya ya fito da nasa samfurin mai suna Skippy, wani kuma mai suna Jif ya biyo a 1958.

To, abin da su suka kashe kuɗi da ilimi don hanawa, shi ne gwanintar matan nan tamu. Su so suke mai ya rabu. Za a juye markaɗen a turmi, mace ta kama taɓarya tana juyawa, tana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan. Nan ne ake gane ƙwararriya. Ruwa ya yi yawa, abin ya caɓe, mai ya ƙi fita. Ya yi kaɗan, ki kwana kina juyi kafaɗa na ciwo a banza. Babu ma'auni, ido ne da hannu. Can sai ka ga markaɗen ya fara dunƙulewa yana canza launi, mai yana tsattsafowa ta gefe yana taruwa. A kwashe da ludayi, a ɗora sauran a kan allo ko dutse a yi ta matsa har ya daina ɗiga. Wannan dunƙulen shi ne tunkuza. Ita ake mulmulawa, wasu ƙwallo-ƙwallo, wasu zobe, wasu siriri kamar yatsa, a soya ta cikin man da aka matso daga jikinta, ta fito ƙuli-ƙuli mai ƙaras-ƙaras. Yanzu akwai injinan da ke yin juyin, sun rage wahala ƙwarai, ko da yake tsofaffin hannu suna cewa man turmi ya fi ƙamshi, ni ma ina bayansu.

Lissafin sana'ar a bakin masu ita gajere ne: mai yana mayar da uwar kuɗi, ƙuli shi ne riba. Shi ya sa ba a wasa da masu sayen ƙuli da tunkuza. Mai tsire ba shi da yaji sai da garin ƙuli. Mai kilishi da tunkuza yake haɗa abin da yake tsoma naman a ciki kafin shanya ta biyu. Ga masu kwaɗon zogale da rama, ga ɗaliban makarantun kwana da ke jiƙa gari su jefa ƙuli. Man kuma yana tafiya kwalba-kwalba zuwa wurin masu ƙosai da masu garau-garau, da gidajen da har gobe ba sa yarda da wani mai sai man ƙuli. Da wannan riba ake zubin adashi, ake tara kayan ɗakin 'ya.

Mutane sukan yi maganar gyaɗar Kano kamar ta mutu tare da dalar gyaɗa. Gaskiya ne jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa suna sa ran auduga, manoma suka zaɓi gyaɗa, su Alhassan Ɗantata suka yi ta tara buhuna har suka zama dala. Gaskiya ne kuma farin farkon shekarun 1970 da annobar da ta afka wa gonakin gyaɗa a 1975 da kuɗin fetur sun share filin. Sai dai waccan gyaɗar ɗanya take barin gari, masana'antun Turai ne suke matse ta. Matan cikin birni suna matsar tasu kafin zuwan jirgi, kuma ba su fasa ba bayan an daina lodi.

Abin da ke takura su a yau shi ne farashi. Da kaka gyaɗa tana araha, sana'a ta yi daɗi. Da zarar bazara ta shiga, manyan 'yan kasuwa da kamfanonin matsar mai sun kwashe ta zuwa rumbunansu, kwano ya yi tsada, itace ya yi tsada, mai inji ya ƙara kuɗi saboda man dizal. Ga man gwangwani na kwakwa da na waken suya da ke karya musu kasuwa, har wasu marasa tsoron Allah suna gauraya shi da na gyaɗa suna ɓata wa na kirki suna. Wadda ba ta da jarin da za ta ajiye buhu biyu ko uku tun kaka, sau da yawa kife kasko take yi da damina, ta koma sayar da wani abu har sabuwar gyaɗa ta shigo Dawanau.