Wa ya naɗa alƙalin da zai yi maka shari'a a Faraku ko Jugu?

A Jamhuriyar Benin ba a zaɓen alƙali da ƙuri'a. Sai an faɗi wannan da babbar murya, domin a majalisun Zango za ka ji ana cewa alƙali wane "ɗan majalisarmu ne ya kawo shi", sai ka ce kujerar kansila ake magana a kai. Akwai dai ƙasashen da ake yin haka. A Amurka jihohi 39 suna amfani da ƙuri'a ta wata fuska wajen ɗora alƙali ko barin sa a kujera. A jihar West Virginia, a 2004, attajirin kwal Don Blankenship ya kashe kusan dala miliyan 3 don a zaɓi Brent Benjamin alƙali, alhali shari'ar kamfaninsa na kan hanyar zuwa gaban kotun da zai zauna. Sai a 2009 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce bai kamata alƙalin ya zauna a shari'ar ba.

A nan gida, mutum zai karanci shari'a a jami'a, ya ci jarrabawar gasa, a horar da shi, ya yi rantsuwa. Tsarin mulkin 11 ga Disamba 1990 ya ce shugaban ƙasa ne ke naɗa shi, bisa shawarar ministan shari'a, bayan an ji ra'ayin Majalisar Ƙoli ta Alƙalai. Tsarin yana da nasa tabon, tunda shugaban ƙasa ne ke shugabantar wannan majalisa. A Afrilun 2021 wani alƙalin CRIET, kotun da ke shari'ar laifukan tattalin arziki da ta'addanci, Essowé Batamoussi, ya tsere daga ƙasar yana zargin ana ba su umarni daga sama, gwamnati kuma ta musanta. Amma wannan rigimar manya ce. Abin da ke cin aljihun ɗan Zango yana tsaye ne a bakin ƙofar kotu.

Kowa ya san shi. Riga a goge, jakar takardu a hammata, wayoyi biyu a hannu. Da ya hango dattijo ya sauko daga babur riƙe da takardar sammaci da Faransanci, sai ya tare shi: "Baba, sannu da zuwa. Wa ke riƙe da shari'ar? Ai mutumina ne, jiya ma tare muka ci abinci. Kawo na goro in shigar masa." Zai shige ciki, ya zaga ta baranda, ya fito yana cewa an gama magana. In hukunci ya yi daɗi ya ce aikinsa ne, in ya ɓaci ya ce abokin shari'a ya fi ka bayarwa. Alƙalin kuwa wataƙila daga kudu aka turo shi bara, bai taɓa jin sunan wannan mutum ba. In ma an dace da gurɓataccen alƙali, doka tana hukunta mai ba da cin hanci kamar yadda take hukunta mai karɓa.

Abin da alƙali ke dubawa takarda ce, a nan kuma muke da rauni. Tun daga dokar iyali ta 24 ga Agusta 2004, auren da aka ɗaura a gaban jami'in magajin gari ne kaɗai ke da ƙarfi a kotu, kuma dokar ba ta amince da auren mace fiye da ɗaya ba. Matar da liman kaɗai ya ɗaura mata aure tana iya zuwa neman gado a tambaye ta takardar aure ta rasa. Haka fili: "kowa a unguwa ya san na mahaifina ne" ba ya tsayawa a gaban wanda ya zo da takardar mallaka. Sulhun liman ko na Sarkin Zango abu ne mai daraja, ya kashe wuta da yawa, amma a rubuta shi, shaidu su sa hannu.

Wanda bai gamsu da hukuncin kotun matakin farko ta Jugu ko ta Faraku ba, ba sai ya je Kwatano ba, domin akwai kotun ɗaukaka ƙara a Faraku. Wa'adin gajere ne, don haka a tambayi magatakardan kotu tun ranar da aka yanke hukunci. Wanda ba ya jin Faransanci ya nemi tafinta kafin ya sa hannu a komai. In 'yan sanda suka tsare ɗan'uwanka, tsarin mulki ya ce kada ya wuce awa 48 sai an kai shi gaban alƙali ya ba da izini, kuma ko da izinin ba zai haura kwana 8 ba. Duk kuɗin da za a biya a kotu, a biya a ofishin magatakarda, a karɓi rasit.