Bekta, Kwataniyon ko Aljebrar Siffofi: Wanne Ya Fi Dacewa da Aji?

A ɗauki gona a Karfi mai siffar murabba'i karkatacce. Gefe ɗaya ya miƙe mita 60 gabas, ɗayan kuwa ya tafi mita 20 gabas da mita 50 arewa. Ɗalibin da ya san bekta, wato kibiya mai tsawo da alkibla, zai rubuta (60, 0) da (20, 50), ya yi ninkin giciye, ya sami 3,000. Faɗin gonar ke nan a murabba'in mita, kashi uku cikin goma na kadada. Amsa ta yi daidai, amma akwai abin mamaki: littafi ya ce sakamakon kibiya ce mai kallon sama, alhali gona tana shimfiɗe a ƙasa. Malami da yawa yakan ce a haddace kawai.

Wannan baƙuwar kibiya gadon wata tsohuwar jayayya ce. A ranar 16 ga Oktoba, 1843, William Hamilton na ƙasar Ailan ya gano kwataniyon, lamba mai sassa huɗu, bisa ƙa'idar i² = j² = k² = ijk = −1. A cikinta ij da ji ba ɗaya ba ne, kamar yadda juya allo dama sannan gaba ya bambanta da juya shi gaba sannan dama. A shekarun 1880 Josiah Gibbs da Oliver Heaviside suka ga tsarin ya yi wa injiniyoyi nauyi, suka tsage ninkinsa gida biyu: ninkin ɗigo da ninkin giciye. Nasu ne ya shiga littattafan makaranta.

Sai dai kwataniyon bai mutu ba, kwamfuta ta farfaɗo da shi. Lambobi huɗu sun ishe shi ya bayyana kowane juyi, inda jadawalin lissafi ke buƙatar tara, kuma ba ya cijewa kamar tsarin kusurwoyi uku. Tun 1985, da Ken Shoemake ya nuna amfaninsa wajen motsa hotuna, ya zama kayan aikin yau da kullum. Wayoyin hannu da yawa da shi suke lissafin karkatarsu, kafin su nuna wa mutumin Malumfashi alƙibla, kimanin digiri 68 daga arewa zuwa gabas.

Hanya ta uku ta fito daga Hermann Grassmann, malamin sakandare a Jamus, a 1844. Shi a wurinsa ninkin kibiya biyu yanki ne na fili, mai girma da shiyyar zagaye. Wato amsar ita ce gonar da kanta. William Clifford ya haɗa wannan da aikin Hamilton a 1878, ya rasu a 1879 yana da shekara 33, aikin ya kwanta har David Hestenes ya tayar da shi a 1966. A wannan aljebra, yankin fili mai girma ɗaya in aka ninka shi da kansa −1 yake bayarwa, kuma kwataniyon wani sashe ne kawai a cikinta.

A ganina, bekta ce ta kamata a fara da ita, domin ita jarrabawa ke tambaya, kuma ita ɗalibi zai tarar a Jami'ar Ahmadu Bello. Amma ranar da aka zo kan ninkin giciye, malami ya zana gonar a allo, ya yi mata inuwa da alli, ya nuna cewa kibiyar nan mai kallon sama wakiliyar wannan fili ce kawai. Kwataniyon kuwa ya jira sai ɗalibi ya fara rubuta wa kwamfuta umarni.