Mai gadin sabar: ka saye shi a kanti ko ka ɗinka da kanka?

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a shagon intanet yana jiran shafin duba sakamakon jarrabawa ya buɗe ya san takaicin abin. A bayan kowane shafi akwai wata kwamfuta da ake kira sabar, wadda ba a kashe ta dare da rana. Idan ma'ajiyarta ta cika ko aiki ya yi mata yawa, sai ta tsaya cak, kuma ba ta da bakin da za ta kira kowa. Shi ya sa ake ɗora mata mai gadi.

Ɗaya daga cikin sanannun masu gadin nan shi ne Nagios, wanda Ethan Galstad, ɗan Amurka, ya fitar a 1999 da sunan NetSaint, aka sauya masa suna a 2002. Abin mamaki, Nagios da kansa bai iya duba komai ba. Ƙananan manhajoji yake aika, kamar yadda maigida ke aiken yara. Ɗaya, check_disk, ta leƙa ma'ajiya. Check_load ta auna nauyin aiki. Check_http kuma ta ƙwanƙwasa shafi ta ga ko zai amsa. Kowacce ta dawo da lamba ɗaya: 0 lafiya lau, 1 a yi hattara, 2 abu ya ɓaci, 3 ba ta gane komai ba.

To, yaya ake ɗora waɗannan 'yan aike? Hanya biyu ce.

Ta farko kamar sayen riga ce a kanti. A Ubuntu ko Debian ka rubuta sudo apt install monitoring-plugins, shi ke nan. An riga an yanka, an ɗinka, an goge. Manhajojin za su sauka a /usr/lib/nagios/plugins, tare da duk abin da suke buƙata don su yi aiki.

Ta biyu kuwa sayen yadi ce. Za ka sauko da asalin rubutun manhajar, wanda mutum ke iya karantawa amma kwamfuta ba ta iya aiki da shi sai an harhaɗa. Kana buƙatar keken ɗinki, wato gcc da make, waɗanda ke zuwa cikin ƙunshin build-essential. Sai umarni uku a jere: ./configure ya auna kwamfutarka ya ga abin da ke ciki, make ya harhaɗa, make install ya kai komai mazauninsa. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Idan babu libssl-dev, ./configure ba lallai ya tsaya ba. Zai wuce abinsa, sai daga baya ka tarar check_http ɗinka ba ya iya duba shafin da ke farawa da https. Kuma yau yawancin shafuka haka suke farawa. Don haka a karanta abin da ./configure ya rubuta a ƙarshe, kada a yi ta danna maɓalli ido rufe.

A ganina, mai koyo ya fara da ƙunshi. Na san akwai abokai da ke ganin harhaɗawa ita ce alamar gwaninta, har da ɗaga kafaɗa. Amma ga inda gizo ke saƙar: idan aka gano ɓaraka a tsaron manhajar, apt zai kawo gyara tare da sauran sabuntawa. Wadda ka harhaɗa da hannunka kuwa, apt bai ma san tana nan ba. Kai ne za ka riƙa bibiya, ka sake saukowa, ka sake harhaɗawa. Ranar da ka manta, mai gadin ne da kansa zai zama ƙofar ɓarawo. Harhaɗawa tana da ranarta: idan ƙunshin ya tsufa alhali kana buƙatar sabon abu, ko tsarin kwamfutarka ba shi da ƙunshin sam.

Ba sai kana da sabar ba kafin ka gwada. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka mai Ubuntu ta isa, kuma ba sai ka ɗora Nagios ɗin kansa ba. Rubuta /usr/lib/nagios/plugins/check_disk -w 20% -c 10% -p / ka danna. Ma'anarsa: yi gargaɗi idan filin da ya rage bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, yi kururuwa idan bai kai 10 ba. Sannan rubuta echo $? domin ka ga lambar da ɗan aiken ya dawo da ita. Idan ka ga 1, je ka duba finafinan da ka tara.