Shafin Dambe Ya Shiga Kasuwa

Da la'asar sakaliya, idan kalangu ya fara tashi a gidan damben Dei-Dei da ke Abuja, ko a dandalin Ado Bayero da ke Kano, ka kai idonka layin gaba na 'yan kallo. A da wurin masu hannu da shuni ne, masu zuwa da sababbin kuɗi don liƙi. Yanzu a gabansu an sami wani layin: samari durƙushe cikin ƙura, kowa ya tallabe waya da hannu biyu. Ɗan Kudu ya miƙa hannun tsaro, ɗan Arewa ya ja da baya ya gyara tsayuwa, sai ka ji tim! An yi kisa a turmi na biyu. Kafin a kira magariba, direban tirela a Kumasi da tela a Jidda sun gani, har sun fara musu a kai.

Wannan ɗan guntun bidiyon haja ce, kuma shafin da yake tara irinsa ya zama dukiyar da ake tayawa ana sallamawa.

Na ga irin wannan ciniki da idona a wani shagon cajin waya a unguwarmu. Mai sayarwar yaro ne da na sani tun yana goye. Shekara huɗu yana bin gidajen dambe da kuɗin motarsa da kuɗin datarsa, har ya san wane shagon wane ne, wa ya taɓa buge wa, wane bahago ne ba a shiga masa ta hagu. Aure ya taso masa, ga lefe a gaba. Dillali ya kawo wani Alhaji mai sayar da magungunan gargajiya, wanda tambaya ɗaya tak ya yi: "Mutum nawa ke binka?" Yaron ya nuna masa fuskar waya. Alhaji ya taya, yaro ya ce albarka. Alhaji ya ƙara, dillali ya sa baki: "Haba ɗan samari, ka sallama wa Alhaji mana." Aka rubuta lambar sirri a bayan wani tsohon kati, dillali ya karɓi la'adarsa, aka yi addu'a aka tashi.

Cikin wata uku shafin ya zama kango. Adadin mabiya na nan a rubuce, amma babu mai tsayawa. Mutanen da suka zo kallon turmi sun tarar da tallan maganin basir safe da yamma, suka riƙa wucewa. Manhajojin nan kuwa suna lura da abin da mutane suke tsallakewa, sai su rage nuna shi. Alhaji ya sayi lamba. Abin da ya tara jama'ar, wato ƙafar yaron da idonsa da sanayyarsa da 'yan wasa, ya tafi da shi gida a jikinsa.

Manyan cinikayyar da aka yi a wannan fage suna nuna inda darajar take kwana. A 2001 wasu 'yan'uwa biyu masu gidajen caca a Las Vegas ta Amurka, Lorenzo da Frank Fertitta, tare da abokinsu Dana White, suka sayi UFC, kamfanin damben cikin keji, a kan dala miliyan 2. Kamfanin yana gargara a lokacin, jihohi da dama sun haramta wasan. Lorenzo ya faɗa daga baya cewa lauyoyinsa sun gargaɗe shi babu komai a ciki, shi kuma ya ce haruffa ukun nan yake saye. A 2016 aka sayar da UFC ɗin ga kamfanin WME-IMG a kan kusan dala biliyan 4. Tsakanin waɗannan shekaru sun yi wani abu da ya kamata masu shafukanmu su lura da shi. Sun sayi abokan hamayyarsu, Pride ta Japan a 2007 da Strikeforce a 2011, kuma babban abin da ya zo hannunsu daga cinikin shi ne kwantiragin 'yan wasa da rumbun tsofaffin bidiyo. Wanda ya mallaki hoton faɗa yana iya sayar da shi sau ɗari. A 2025 kamfanin Paramount ya amince ya biya dala biliyan 7.7 don nuna wasannin UFC a Amurka na shekara bakwai.

Suna ma kaɗai ana sayensa. Mujallar The Ring, wadda aka kafa a 1922, ta koma hannun Turki Al-Sheikh na Saudiyya a ƙarshen 2024, bayan ta daɗe a hannun tsohon zakaran damben zamani Oscar De La Hoya. Dukansu biyu suna shirya wasanni, mujallar kuma ita ce ke jera gwanaye daga na ɗaya zuwa na goma, don haka ba a rasa masu tambayar ko alƙali zai iya zama ɗan gida. Ƙaramar irin wannan matsala tana nan a wurinmu. Duk shafin da 'yan kallo suka gane ya koma hannun wani mai goyon ɓangaren Guramada ko na Arewa, daga ranar sun daina yarda da shi idan ya ce wane ya fi wane.

Mai son sayen shafi a nan gida ya fara da sanin cewa rumfar da yake tayawa a kasuwar wani take. Ƙa'idojin Instagram sun hana saye da sayar da asusu, Facebook ma bai yarda a miƙa wa wani asusu ba tare da izininsa ba. Idan aka rufe shafi, babu sarkin kasuwar da za ka kai wa kuka. Ba mu manta ba kuma yadda gwamnatin Nijeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, masu neman abinci a can suka yi wata bakwai a zaune. Shi ya sa masu ciniki da hankali suke yin rajistar kamfani a hukumar CAC, shafi ya zama na kamfani, in an tashi sayarwa a sayar da kamfanin da sunansa da bidiyonsa da yarjejeniyoyinsa. Cinikin bayan kati kuwa, muddin tsohon imel da tsohuwar lambar waya suna hannun mai sayarwa, yana iya ƙwace abinsa cikin dare ɗaya, kuma an sha yi.

Sai maganar kuɗin shiga. Galibi YouTube ba ya fara raba kuɗin tallan dogon bidiyo da tasha sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda, sannan ya ba mai tasha kashi 55 cikin ɗari. Amma farashin talla yana bin ƙasar mai kallo. Kallo dubu daga Amurka ya fi kallo dubu daga Gusau kawo kuɗi nesa ba kusa ba, saboda haka tashoshi biyu masu mabiya daidai suna iya bambanta kamar sama da ƙasa. Mai saye ya nemi a buɗe masa lissafin wata goma sha biyu ya gani da idonsa. Ya kuma duba ko akwai gargaɗin satar fasaha a kan tashar, domin uku cikin kwana 90 sun isa a rufe ta. Shafukan dambe da yawa an gina su ne da bidiyon da aka kwaso daga wasu, aka manna tambari a kai. Mai sayen irin wannan ya sayi kayan sata, ko da bai sani ba.

Duk wannan lissafin mai saye da mai sayarwa ne. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutumin da ba a kira shi wurin cinikin ba. Dambe sana'ar mahauta ce tun asali, wasan bayan kaka, kuma har gobe mafi yawan masu ɗaure hannu da zare 'ya'yan talakawa ne da suke rayuwa da kuɗin turmi da abin da aka liƙa musu. Ɗan dambe yana karɓar nasa sau ɗaya, a ranar. Bidiyon kuwa yana ci gaba da aiki shekara da shekaru, ya haifi talla, ya ɗaga darajar shafi, a sayar da shafin, a sake sayarwa. Haƙorin da ya zube a filin nasa ne, amma ko takarda ɗaya babu mai sunansa.

Ba mu kaɗai ba ne. Tsofaffin 'yan wasan UFC sun kai kamfanin ƙara tun 2014 kan danne musu lada, bayanan da suka fito a shari'ar suka nuna rabonsu bai wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin shiga ba, har aka sasanta a kan dala miliyan 375 bayan shekara goma. Francis Ngannou ɗan Kamaru ya bar UFC a Janairun 2023 yana riƙe da kambun ajin masu nauyi, saboda sharuɗɗan kwantiragi. Waɗannan suna da lauyoyi da manajoji. Namu fa?

Ban raina waɗanda suka fitar da damben gargajiya duniya ba. Chidi Anyina da Anthony Okeleke sun buɗe tashar Dambe Warriors a YouTube a 2017, miliyoyin mutanen da ba su taɓa jin kalangu ba suka gan shi. Maxwell Kalu ya kafa African Warriors Fighting Championship, ya kai wasan har tashar DAZN. Sun hango abin da mu masu abin muka daɗe muna kallo a matsayin wasan 'yan tasha, kuma sun zuba kuɗinsu. Amma tun da kasuwa ta buɗe, lokaci ya yi da masu gidajen dambe da shugabannin ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada za su zauna su rubuta ƙa'ida: wa ke da izinin ɗauka, nawa ne rabon ɗan wasa da makaɗi idan bidiyo ya kawo kuɗi, kuma me zai biyo su idan shafi ya canza hannu. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta tanadi haƙƙi ga masu kiɗa da waƙa a kan ɗaukar aikinsu, ko ta nan ma akwai abin kamawa. Mai saye na kirki zai fi son haka, domin rumbun bidiyon da aka sa wa hannu ya fi wanda kowa zai iya tasowa ya ce nasa ne tsada.

Kwanaki na haɗu da yaron nan a bakin mahauta, ya buɗe sabon shafi yana farawa daga tushe. Wani tsohon ɗan dambe da ya koma fawa ya kira shi, ya goge hannu a riga, ya ce, "Ɗana, an ce kana da dambena na shekarun baya. Nuna mini." Yaron ya ce, "Baba, wancan yana tsohon shafi, ba ya hannuna yanzu." Suka nema tare, suka tarar sabon mai shi ya goge tsofaffin bidiyon gaba ɗaya don ya buɗe wa tallansa wuri. Tsohon ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya tambaya ko akwai wani da ya ajiye kwafi.